Tabon Yaƙi Da Takardar Sallama: Tarihin Henry Johnson Da Lambar Masu Rauni

Duk wanda ya tashi a unguwar da take da tsohon soja ya san akwai abu biyu da mazan jiya ba sa wasa da su, wato tabon da ke jikinsu da kuma takardar sallamarsu. Tabon shi ake buɗe wa jikoki idan hira ta yi daɗi, ita kuwa takardar tana can ƙasan adaka an naɗe ta da kyau, ba ta ganin rana sai ran da za a je karɓar fansho. To amma a wurin hukuma waɗannan abubuwa biyu ba darajarsu ɗaya ba, domin kuwa tabon da takarda ba ta ambata ba, ko da ya kai tafin hannu faɗi, idan aka shiga ofis daidai yake da babu. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wata lambar girma ta ƙasar Amurka mai suna Purple Heart, wato zuciya mai launin shunayya, wadda ake bai wa sojan da abokan gaba suka ji wa rauni ko suka kashe, mu ga irin ɗawainiyar da ake sha kafin a shigar da ita cikin fayil ɗin wanda aka tsallake. Za mu bi sawun wani baƙar fata mai suna Henry Johnson, wanda sai da aka shekara 78 da jin rauninsa, aka kuma shekara 67 da binne shi, sannan ƙasarsa ta ba shi wannan lamba.

Daren 15 Ga Watan Mayu, 1918

An haifi William Henry Johnson a wajejen 1892 a jihar North Carolina, ya tashi ya yi ƙaura zuwa garin Albany, babban birnin jihar Niyok, inda ya riƙa yin dako a tashar jirgin ƙasa. Gajere ne, tsawonsa ƙafa 5 da inci 4, nauyinsa kuwa bai cika kilo 60 ba. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilun 1917, shi kuma ran 5 ga watan Yuni na wannan shekara ya ba da sunansa a wata runduna ta baƙaƙen fata zalla, wadda daga baya aka raɗa wa suna runduna ta 369. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani sojan Amurka a rabe yake gida biyu, farare daban, baƙaƙe daban, kuma mafi yawan baƙaƙen fata kimanin 200,000 da aka tura Turai ba bindiga aka damƙa musu ba, shebur ne da diga. Su Johnson ma da suka sauka Faransa da wannan suka fara, suna sauke kaya daga jiragen ruwa suna shimfiɗa hanyar dogo.

Janar John Pershing, babban kwamandan sojojin Amurka a Turai, ya kafe a kan cewa ba zai rarraba sojojinsa a ƙarƙashin hafsoshin wata ƙasa ba. Amma da Faransawa suka matsa da roƙo, saboda yaƙi ya ci musu mazaje, sai ya ɗauki rundunoni huɗu na baƙaƙen fata ya ba su aro, cikinsu har da ta 369. Da haka ɗan dakon Albany ya wayi gari da hular kwanon Faransa a kansa, da bindigar Faransa a hannunsa, yana gadi a bakin dajin Argonne.

A daren 14 wayewar garin 15 ga watan Mayu, Johnson da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Needham Roberts suna tsaron wani ɗan rami da ke gaba da sauran jama'a. Can wajen ƙarfe biyun dare sai suka ji ƙarar almakashi ana datse wayar shinge. Kafin su ankara Jamusawa sun yi musu ruwan gurneti, Roberts ya faɗi ya kasa tashi, amma daga kwancen ya riƙa miƙa wa Johnson gurneti yana jefawa. Da gurnetin ya ƙare ya koma kan bindiga, ita ma ta cije, sai ya juya ta yana duka da gindinta har ya tarwatse. Yana cikin haka, shi ma ga harsashi a jikinsa, sai ya hangi ana jan Roberts za a tafi da shi. Nan ya zaro wata gajeriyar adda da ake ba su, wadda ake kira bolo, ya afka musu, bai tsaya ba sai da suka saki yaron suka ja da baya. Da gari ya waye aka ga jini da makamai da almakasan da suka zubar, aka kuma ƙiyasta ya kashe mutum huɗu. Masu ba da labari sun yi ta ƙara yawan maharan, wani ya ce 24, wani ya zarce haka, amma takardar da gwamnati ta karanta a 2015 ta tsaya ne a kan aƙalla 12, mu ma a nan muka tsaya, don ko 12 ɗin ai sun ishi mutum ɗaya. Raunukan da aka ƙirga a jikinsa 21 ne, mafi muni shi ne na ƙafarsa ta hagu wadda ƙashinta ya farfashe.

Faransawa ba su yi wata-wata ba, suka maƙala wa mutanen nan biyu lambar Croix de Guerre, ta Johnson har da reshen dabino na zinari, wanda ke nuna babban mataki. Jaridun Niyok suka ɗauki labarin, aka yi masa laƙabi da Baƙin Ajali, aka ba shi igiyar saje, aka riƙa amfani da sunansa wajen jawo matasa shiga soja da sayar da kan sarkin tara kuɗin yaƙi. Ran 17 ga watan Fabrairun 1919, da runduna ta 369 ta yi faretin dawowa gida a birnin Niyok bayan kwana 191 a bakin daga, a buɗaɗɗiyar mota aka ɗauko shi yana ɗaga wa jama'a hannu. Sai dai duk wannan kaɗe-kaɗe da bushe-bushe bai haifar da lamba ko guda daga gwamnatinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ma buƙatar yin dogon hasashe game da dalili, domin akwai takarda. A watan Agustan 1918 wani hafsan Faransa mai suna Kanar Linard, wanda ke aiki a hedkwatar sojojin Amurka, ya rarraba wa hafsoshin ƙasarsa wata takardar sirri yana jan kunnensu da kada su ci abinci tare da hafsoshi baƙaƙen fata, kada su yi musabaha da su, kada kuma su cika yabon sojoji baƙaƙe, musamman a gaban fararen Amurkawa. W. E. B. Du Bois ya samo wannan takarda ya buga ta a mujallar The Crisis a watan Mayun 1919. Shi ma Johnson bai yi shiru ba. A watan Maris na 1919 aka gayyace shi St. Louis ya yi jawabi, ana zaton zai yi ta yabon zumuncin da aka yi a fagen fama, sai ya buɗe baki ya faɗi wulaƙancin da fararen sojoji suka yi musu. Daga nan aka ba da sammacin kama shi bisa zargin sa kakin soja bayan wa'adin da doka ta yarda, masu gayyatarsa kuma suka ɗauke ƙafa.

A kan takardar sallamarsa ne labarin ya fi ɗaure kai. Abin da marubuta tarihinsa suka daɗe suna kawowa shi ne cewa takardar da aka ba shi a 1919 ba ta ambaci rauninsa ko ɗaya ba. Mutumin da duk jaridun ƙasa suka lissafa raunukansa, ga shi yana ɗingishi, amma a rubuce lafiyarsa ƙalau. Daga nan aka gina labarin cewa ya mutu a yashe, ba a taɓa ba shi ko anini ba. Binciken da aka yi daga baya ya gyara wannan ɓangare, domin an gano takardun hukumar kula da tsofaffin sojoji da ke nuna cewa a watan Satumbar 1927 an rubuta shi a matsayin wanda ya nakasa gaba ɗaya, ana kuma biyansa wani abu duk wata. Amma abin lura shi ne, saboda tarin fuka aka yi wannan rubutu. Ya rasu ran 1 ga watan Yulin 1929 a birnin Washinton, da ciwon zuciya, bai kai shekara 40 ba.

Asalin Lambar

Sau da yawa za ka ji an ce an hana Johnson lambar Purple Heart yana da rai. Wannan magana akwai gyara a cikinta, domin har ya bar duniya babu wata lamba mai wannan suna da ake bayarwa. Tushenta dai tsoho ne. Ran 7 ga watan Agustan 1782, George Washington, yana sansaninsa na Newburgh, ya ƙirƙiro wata alama ta ƙyallen shunayya mai siffar zuciya don ƙananan sojoji da suka nuna ƙwazo, ba don masu rauni ba. Mutum uku kacal aka tabbatar sun same ta, dukansu saje-saje, wato Elijah Churchill da William Brown da Daniel Bissell, daga nan aka manta da ita har shekara 150. A yaƙin su Johnson abin da ake bai wa mai rauni ɗan zare ne mai ruwan zinari da ake ɗinkawa a hannun riga na dama.

Janar Douglas MacArthur ne ya farfaɗo da ita ran 22 ga watan Fabrairun 1932, ranar da Washington ya cika shekara 200 da haihuwa, aka zuba ta da ƙarfe, da hoton Washington a tsakiya, kuma shi MacArthur ɗin ya karɓi ta farko. Aka ce duk tsohon sojan da ya ji rauni a yaƙin 1917 zuwa 1918 yana iya rubuto takarda ya nema. Sai dai akwai sharaɗi, dole ya kasance yana da rai, saboda a farko ba a bayar da ita ga mamaci. Johnson kuwa ya shekara biyu da rabi a kabari. Sai a 1942 aka fara bai wa iyalan waɗanda aka kashe, a wannan shekara kuma Shugaba Roosevelt ya faɗaɗa ta zuwa ga sojojin ruwa, aka kuma keɓe ta ga jini kaɗai, ƙwazo aka nema masa wata lamba dabam. Tun daga nan kusan kowane zamani sai ya ƙara mata wani abu. Kennedy a 1962 ya shigar da waɗanda aka ji wa rauni a Biyetnam alhali ba a yi shelar yaƙi ba, Reagan a 1984 ya shigar da waɗanda harin ta'addanci ya rutsa da su, Majalisa a 1993 ta shigar da wanda harsashin 'yan uwansa ya samu bisa kuskure a tsakiyar gumurzu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ma an ƙera ta da yawa ƙwarai saboda ana shirin mamaye Japan, da ba a yi mamayar ba sai aka bar kusan rabin miliyan a ajiye, aka yi shekaru aru-aru ana ɗiba.

Abin da ya bambanta wannan lamba da sauran shi ne, ba sai wani babba ya yaba da kai ya ba da sunanka ba. Haƙƙi ce, da zarar sharuɗɗa sun cika ta zama taka, ko kai janar ne ko kurtu. Sharuɗɗan kuwa uku ne: raunin ya kasance daga abokan gaba ya fito, ya kai matsayin da sai likita ya duba shi, sannan a ce an rubuta wannan magani a cikin takardun hukuma. Na ukun nan shi ne ƙashin bayan duk rigimar, don shi kaɗai ne ba ya hannun wanda aka harba. Ana tsakiyar wuta ɗan agajin runduna ya ɗaure maka rauni ka koma bakin daga, ƙila shi kansa bai kai yamma ba, ƙila katin da ya rataya maka ya faɗi cikin laka, ƙila kai ne ma ka ƙi zuwa asibiti don kunyar abokanka da suka rasa ƙafafu. Idan yaƙi ya ƙare kuma kowa hankalinsa ya yi gida. A 1945 da maki ake sallama, sai ka tara 85, lambar rauni kuwa maki 5 ce, amma wanda makinsa ya riga ya cika ba ya tsayawa gardama da akawu a kan layi ɗaya da babu a takarda, sai ya sa hannu ya kama hanya. Bayan shekara 40 ko 50, tsufa ya zo, ciwon ya tashi, ko jika ya yi tambaya, a sannan ne ake tuna layin nan.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ɗan ƙarfe ce kawai da za a rataya a bango. Mai wannan lamba ana sa shi a sahun gaba a asibitocin tsofaffin sojoji, ana ƙara masa maki 10 idan ya nemi aikin gwamnatin tarayya, yana da damar a binne shi a maƙabartar Arlington, waɗanda suka same ta bayan harin Satumbar 2001 kuma ana biya musu kuɗin karatu cikakke ko da ba su daɗe a aiki ba.

Hukumar Gyara Da Gobarar St. Louis

Kafin 1946, wanda ke son a gyara masa kuskure irin wannan sau da yawa sai ya sami ɗan majalisa ya gabatar da ƙudurin doka da sunansa shi kaɗai. Da miliyoyin sojoji suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sai Majalisa ta ga ba za ta iya ba, don haka a cikin dokar sake tsarin ayyukanta ta 1946 ta umarci kowane ɓangare na soja ya kafa hukumar gyaran takardu, wadda fararen hula za su zauna a cikinta, aikinta shi ne gyara kuskure ko kawar da zalunci. Mai ƙorafi, ko magajinsa idan ya rasu, zai cika fom mai lamba DD 149 ya haɗa da hujjojinsa. Doka ta ba shi shekara uku daga ranar da ya gano kuskuren, amma hukumar tana da ikon ɗage wannan wa'adi idan adalci ya buƙaci haka, kuma takan ɗage. Idan ya yi nasara sai a gyara takardar sallamarsa, wadda tun daga 1950 ake kira DD 214, an kuma daɗe ana yin haka ta hanyar haɗa mata wata 'yar takardar gyara mai lamba DD 215.

A baki abin da sauƙi. Amma hukumar tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da akawun gwamnati ya rubuta daidai ne, kai ne za ka kawo abin da ya rinjaye shi. Tabo kaɗai ba ya isa, don tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi. Rantsuwar abokin yaƙi tana taimakawa, amma da wuya ta tsaya da ƙafarta idan babu takardar asibiti. Ciwon zafin rana, da gubar abinci, da haɗarin motar da ba abokan gaba suka jawo ba, duk ba sa ciki, haka nan taɓuwar hankali da firgicin yaƙi ke haifarwa, wadda ma'aikatar tsaro ta bayyana a 2009 cewa ba za a ba da lambar saboda ita ba. Mu a ganinmu tsananin yana da hujjarsa, domin maƙaryata ba su ƙare ba, har sai da Majalisa ta yi doka a kansu, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2012, aka sake wata a 2013 mai hukunta wanda ya yi ƙaryar lamba don ya ci riba. Sai dai ƙa'idar da ta ce takardar gwamnati ce gaskiya ba ta yi wa mutum irin Johnson adalci ba, tunda hukumar da ta ƙi rubutawa jiya ita ce ke cewa yau a kawo mata rubutu.

Ana wata sai ga wata. Jim kaɗan bayan sha biyun daren 12 ga watan Yulin 1973, wuta ta tashi a hawa na shida na babbar ma'ajiyar fayilolin soja da ke Overland, a gefen St. Louis. Ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa, ga takardu maƙare cikin kwalaye. Sai da wutar ta yi awa 22 tana ci ba a shawo kanta ba, ba a kuma ce ta mutu ba sai ran 16 ga wata. Fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18 ne suka salwanta. Na sojojin ƙasa da aka sallama daga watan Nuwambar 1912 zuwa farkon 1960, kashi 80 cikin 100 sun tafi, wato yaƙin su Johnson da yaƙin Hitila da na Koriya ke nan gaba ɗaya. Na sojojin sama da aka sallama daga 1947 zuwa farkon 1964, waɗanda sunansu ya zo bayan Hubbard a jerin abacada, kashi 75 cikin 100 sun ƙone. Babu kwafi, ba a ɗauki hotonsu ba, babu ma cikakken jerin abin da ke ciki. An tsamo kimanin miliyan shida da rabi a jiƙe ko a babbake, aka kai wasu kamfanin ƙera jirage na McDonnell Douglas aka busar da su a ɗakunan da ake zuƙe iska.

Tun daga ranar, neman lambar rauni ga tsohon soja ya koma aikin tsintar tsaba cikin yashi. Ana komawa ga rahoton safiya da akawun kowace ƙungiya yake rubutawa kullum, wanda ke nuna wane ne aka kai asibiti, da takardun biyan albashi, da umarnin runduna, da wayar tangarahun da aka buga wa uwa cewa an ji wa ɗanta rauni, da jaridun ƙauye. A 1988 aka yi sa'a aka gano faya-fayan kwamfuta masu ɗauke da bayanan miliyoyin sojoji da aka kwantar a asibiti a shekarun 1942 zuwa 1945 da 1950 zuwa 1954, waɗanda suka ceci mutane da dama. Matsalar kuma ba ta tsofaffi ce kaɗai ba. Bayan da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad na Iraƙi ran 8 ga watan Janairun 2020, sojoji sama da 100 aka samu da girgizar ƙwaƙwalwa, amma kaɗan daga cikinsu aka bai wa lambar da farko, sai da 'yan jarida suka tayar da maganar sannan a watan Disambar 2021 aka amince da ƙarin mutum 39.

Mu ma nan ba baƙin irin wannan ba ne. Kakanninmu sun yi yaƙi da dako a Kamaru da Gabashin Afirka a ƙarƙashin tutar Ingila a wancan yaƙin na farko. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, galibinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a kan kowane dutse ba, har ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa.

Yadda Aka Gyara Na Johnson

Mutanen Albany ne suka ƙi barin maganar ta kwanta, musamman wani tsohon sojan Biyetnam mai suna John Howe, tare da tsofaffin 'yan runduna ta 369. A 1991 aka kafa wa Johnson dutsen tunawa a garin, aka kuma sa wa wani titi sunansa. A wannan shekara ce Shugaba Bush na farko ya bai wa Kofur Freddie Stowers lambar Medal of Honor, wadda babu ta sama da ita a Amurka. An kashe Stowers a watan Satumbar 1918, an kuma rubuta takardar neman a ba shi lambar tun a lokacin, amma ta maƙale fiye da shekara 70, kuma kafin wannan rana babu baƙar fata ko ɗaya daga yaƙin farko da ya same ta. Wannan ya buɗe ƙofa. A watan Yunin 1996, zamanin Shugaba Clinton, aka ba Johnson lambar Purple Heart. Wata bakwai bayan haka aka bai wa baƙaƙen fata bakwai na Yaƙin Duniya na Biyu babbar lambar, mutum ɗaya ne kawai cikinsu, Vernon Baker, ke da rai ya miƙa hannu ya karɓa.

Daga baya masu bincike suka gano cewa ashe Johnson ba a kabarin matalauta yake ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa, yana kwance a Arlington, a sashe na 25, da girmamawar soja aka binne shi. A 2002 aka amince da ba shi lamba ta biyu a daraja, Distinguished Service Cross, aka miƙa ta a watan Fabrairun 2003. Babbar kuwa sai ta ƙi samuwa, saboda ana buƙatar shaidar waɗanda suka gani da ido da kuma amincewar shugabanninsa na lokacin. Sanata Chuck Schumer ya ɗauki maganar, a 2011 ma'aikatan ofishinsa suka tono rahoton da Janar Pershing da kansa ya aika Washinton a watan Mayun 1918 yana yabon Johnson da Roberts, ga kuma wasiƙar da kwamandansu Kanar William Hayward ya rubuta wa matar Johnson yana ba ta labarin daren. Takardun nan suna nan a ma'ajiyar gwamnati shekara 93, ba ɓoye su aka yi ba, ba a dai nema ba ne. A ƙarshen 2014 Majalisa ta ɗage wa'adin da doka ta gindaya, ran 2 ga watan Yunin 2015 kuma Shugaba Obama ya ba da lambar a fadar White House.

Sai dai takarda ba ta da ɗan gida. Mutumin da ya karɓi lambar 2003, Herman Johnson, tsohon hafsa ne a rundunar sojojin sama ta baƙaƙen fata da aka horar a Tuskegee, kuma ya yi shekaru yana wannan fafutuka da imanin cewa Henry mahaifinsa ne, har ya rasu a 2004 a kan haka. Da sojoji suka sa masu bin salsala suka duba rajistar haihuwa da ta ƙidayar jama'a kafin bikin 2015, sai suka ce ba su ga dangantakar jini tsakanin mutanen biyu ba, ko da yake sun yaba da ƙoƙarin iyalin, suka kuma gayyace su wurin bikin. Tunda ba a san wani magaji ba, Samanja Louis Wilson na rundunar tsaron jihar Niyok shi ya tsaya a madadinsa ya karɓa.

Ran 13 ga watan Yunin 2023 aka sauya sunan wani babban barikin soja a jihar Louisiana daga Fort Polk zuwa Fort Johnson. Polk ɗin da aka cire, Leonidas Polk, janar ne a rundunar jihohin kudu da suka yi tawaye don kare cinikin bayi da bautar da su. Sunan ɗan dakon Albany ya shekara biyu a ƙofar barikin. A watan Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta ba da sanarwar mayar da tsohon sunan, aka ce wannan karon don girmama wani Polk ne dabam, Janar James H. Polk, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, aka sauke allon aka kafa sabo.